RAMIN GYARAN MOTA A CIKIN GIDA: Jawabi ga Masu Motoci, Makanikai da Magina

Jama'a, wannan jawabi ya shafi duk wanda yake da mota, da wanda yake gyaranta, da wanda ake kira ya zo ya yi gini. Maganar kuwa a kan ramin nan ne da ake haƙawa a cikin gareji domin mutum ya shiga ƙarƙashin mota ya yi aiki a tsaye. An ɗauki garuruwan Nguru da Gashuwa na arewacin Jihar Yobe don yin misali, saboda ƙasarsu da ruwansu da zafinsu sun tara yawancin matsalolin da mai wannan rami zai iya gamuwa da su. Amma darasin na kowa ne, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, har Sabon Ibadan da Agegen Legas.

DALILIN HAƘA RAMIN

Tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru, a wajajen 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da dabbobi. Gashuwa kuwa, fadar Mai Bade, tana bakin kogin Yobe, kuma ta yi suna wajen kifi da shinkafa. A yau motoci ne suke ɗaukar wannan kaya zuwa kasuwannin Kano da na kudu. Mota mai bin yashi da ƙura da gargada tana bukatar juyen mai a kai a kai, da duba birki da salansa da sauran kayan ƙasa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin riƙe mota ya hau ƙwarai, masu motoci da yawa suna neman hanyar rage kashe kuɗi. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce mutum ya haƙa rami a gidansa, ya riƙa yin ƙananan gyare-gyare da kansa, ko ya kira makanike ya zo da yaransa.

Wannan tattali ne mai kyau, kuma rami ginanne ya fi kwanciya a ƙarƙashin motar da aka ɗaga da jak kaɗai, aka tokare da bulo. Sai dai ramin da ke cikin gida ya bambanta da na babban gareji. A gida akwai yara masu rarrafe da tsofaffi masu raunin gani, akwai murhu da janareta a kusa, galibi kuma mutum shi kaɗai yake aiki, babu mai ganinsa in wani abu ya faru. Don haka ya kamata a san haɗarin tun kafin a kafa diga.

ABIN DA DOKA TA CE

Mutane da yawa suna zaton tun da gidansu ne, ba ruwan hukuma da ramin da suka haƙa a ciki. Wannan kuskure ne. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta Nijeriya, watau Doka ta 88 ta 1992, ta ɗauki duk wani aikin gini ko na injiniya da aka yi a bisa ƙasa ko a ƙarƙashinta a matsayin aikin da yake bukatar izni. Haka nan canza amfanin wuri, kamar a mai da garejin gida wurin sana'a inda ake karɓar motocin mutane. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birane a hannun Gwamnan jiha, takardar mallaka kuma takan faɗi abin da aka ba da filin dominsa, ko zama ko kasuwanci.

A 2006 Gwamnatin Tarayya ta fito da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa, wanda ya tsara mafi ƙarancin ingancin da ake bukata wajen zana gini, da gina shi, da kula da shi bayan an gama, ya kuma ɗora nauyin aikin a kan ƙwararru masu rajista. Tun a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara birane da ba da iznin gini hakkin jihohi ne. Saboda haka mutumin Nguru ko Gashuwa zai kai zanensa ne ga ofishin tsara gari na jiharsa, ya kuma nemi shawarar sashen ayyuka na ƙaramar hukumarsa. Injiniyan da zai duba zanen ya kasance mai rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970 domin kula da aikin injiniyoyi.

Wanda kuma ya ɗauki ma'aikata suna gyara don a biya su, to ya kusanci hurumin Dokar Masana'antu ta 1987. Wannan doka ta wajabta a kange ramukan da ke daɓen wurin aiki, a samar da hanyar shiga da fita mai aminci, a kuma yi tanadi na musamman kafin mutum ya shiga ƙuntataccen wuri inda muguwar iska za ta iya taruwa. Ko da gidan mutum bai shiga ƙarƙashin wannan doka ba, hankali ya nuna ya kamata ya bi ta, domin rami bai san bambancin ma'aikaci da ɗan mai gida ba.

ƘASA DA RUWA

Ƙasar wannan yanki iri biyu ce. A kan tudu akwai jigawa, rairayi ne mai sauƙin haƙa. A gangare kusa da fadama akwai laka, wadda takan tsage da rani ta kumbura da damina. Kowace da irin sharrinta.

Rairayi ba ya tsayuwa da kansa. Bangon ramin da aka haƙa a cikinsa yana iya tsayawa kwana biyu kamar ba komai, sa'an nan ya zube farat ɗaya in mota ta wuce kusa ko ruwa ya jiƙa shi. Ƙasar da za ta cika akwati mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi ta kai nauyin tan 1 da rabi, watau nauyin ƙaramar mota guda. Wanda irin wannan ƙasa ta danne masa ƙirji ba zai iya jan numfashi ba, ko da kansa yana waje. Don haka duk ramin da ya wuce mita 1.2, watau ƙafa 4, lalle ne a tokare gefensa da katako yayin haƙa, ko a kwantar da gefen, a kuma zubar da ƙasar da aka kwaso nesa da baki.

Laka kuwa turi take yi. In ta sha ruwa ta kumbura, sai ta matsa bangon ramin zuwa ciki, in ta bushe ta janye ta bar gurbi a bayansa. Shekara biyu ko uku ana haka, bangon bulo mai inci 6 da ba a cika shi da kankare ba zai tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ruwa ne zai shiga.

Nguru da Gashuwa suna cikin babbar fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala kafin su haɗu su zama kogin Yobe a kusa da Gashuwa. Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin dausayoyin da duniya take kulawa da su a 2000. Madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun canza yadda ruwa yake saukowa, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har ruwa yakan kwanta inda da ba ya kwanciya. Ambaliyar 2022 ta ci gidaje da gonaki a wannan yanki. Abin da wannan yake nufi ga mai rami shi ne, ƙasar da aka haƙa a watan Maris aka same ta a bushe ƙamas tana iya cika da ruwa daga ƙasa a watan Agusta ko Satumba. In ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau mita 1 sama da gindin rami, yana tura kowace murabba'in mita ta daɓen da ƙarfin tan 1. Siririn daɓen siminti ba zai jure wannan ba.

Hanya mafi sauƙi ta sanin halin wuri ita ce a leƙa rijiyoyin unguwa a ƙarshen damina, a tambayi tsofaffin maƙwabta iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. In ruwan rijiya yakan hau kusa da zurfin ramin da ake so, to a haƙura da haƙa.

Har wa yau a kula da harsashin gini. Ramin da aka haƙa dab da bango, ya zarce harsashin a zurfi, yana zare ƙasar da ke ɗauke da bangon. Ƙa'idar magina ita ce, nisan rami daga harsashi kada ya gaza yawan zurfin da ramin ya fi harsashin da shi. Gidajen ƙasa da katangun da ake tarayya da maƙwabci sun fi bukatar wannan kulawa.

TURURIN FETUR

Wannan shi ne babban haɗari, kuma shi ne wanda ido ba ya gani. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa da wuta ko a cikin sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a Nguru inda zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a inuwa. Tururin ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4. Don haka ba ya tashi sama ya watse, gangarawa yake yi kamar ruwa ya nemi wuri mafi zurfi ya kwanta. A cikin gareji kuwa babu wurin da ya fi ramin zurfi.

In tururin ya kai kashi 1.4 cikin 100 na iska, ƙyastu ɗaya ya isa ya tashi wuta. A ɗauki rami mai tsawon mita 4, faɗin santimita 90, zurfin mita 1.5. Fetur ƙasa da rabin lita, watau abin da bai cika kwalbar lemo biyu ba, in ya zube ya zama tururi, ya isa ya mai da iskar ramin gaba ɗaya abin fashewa. A can ƙasa inda tururin yake kwanciya, abin da bai kai haka ba ma ya isa. Ba lalle sai an ƙyasta ashana ba. Taba sigari, ƙwan lantarki da ya fashe, soket mai tartsatsi, injin yankan ƙarfe, ko sifana da ta haɗa kan batir, duk suna iya tada ita.

Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa ba, a daren 15 ga Oktoba, 2024. Tankar fetur ce ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi, man ya kwarara cikin magudanun ruwa, jama'a suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Halin fetur a kwalbati shi ne halinsa a ramin gareji, girman wurin ne kawai ya bambanta.

Saboda haka, kada a taɓa zuƙe fetur daga tanki, ko a kwance tanki ko bututun mai, alhali mota tana kan rami. Wannan aiki a fili ake yinsa, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda iska take kaɗawa. Kada a wanke hannu ko kayan inji da fetur a cikin rami. Kada a ajiye jarkokin mai a ɗakin da ramin yake. Iskar gas ta girki ma ta fi iska nauyi, ita ma gangarawa take yi, don haka tukunyarta ba ta da wurin zama a gareji. Iskar gas ta mota wadda ake kira CNG, da Gwamnatin Tarayya take ƙarfafa amfani da ita tun 2023, ta fi iska sauƙi, sama take tashi ta taru a ƙarƙashin rufi. Mai irin wannan mota sai ya buɗe tagogin shan iska a can sama, ya kuma tuna motarsa tana da tankin fetur har yanzu. Man dizal bai kai fetur saurin kamawa ba, amma in ya zuba a kan ƙarfe mai zafi yana ci.

Wasu maginan rijiya sukan zura fitila mai ci a cikin rijiya don su gane ko iskarta tana da kyau kafin su sauka. Wannan dabara a ramin mota kisan kai ce. Kada a gwada ta ko da wasa.

HAYAƘIN SALANSA DA ƘARANCIN ISKA

A cikin hayaƙin injin fetur akwai wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, sai jini ya kasa kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Ita ce take kashe iyali guda a dare ɗaya in an kwana da janareta a cikin ɗaki. Motar da aka bari tana aiki a rufaffen gareji tana iya tara wannan guba har ta kai ga kisa cikin 'yan mintoci, wanda yake cikin rami kuwa fuskarsa tana dab da salansa.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da mutuwar jiki. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓi ne ko zafin rana, mutum ya ce bari ya ɗan zauna ya huta, daga nan ba ya sake tashi. Duk wanda ya ji haka a cikin rami ya fito nan take.

Iskar da ake shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100. In ya ragu ƙasa da kashi 19.5, masana sun ce wurin ya zama mai haɗari. Ramin da ya daɗe a rufe, ko wanda yake kusa da salga ko sokawe, yana iya tara iskar da take kore oksijin, ko wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa takan kashe hanci har mutum ya daina jin warinta. Don haka a nisanta rami daga salga, a kuma buɗe shi ya sha iska sosai kafin a sauka.

Taga da ƙofa ba su isa su share gindin rami ba, domin iska ta samansa take wucewa. Ƙa'idar wutar lantarki ta Amurka ta ɗauki ramin da ba shi da na'urar zuƙe iska a matsayin wuri mafi haɗarin fashewa a gareji. Ta bukaci a riƙa zuƙe iska daga wurin da bai wuce santimita 30 daga daɓen ramin ba, a fitar da ita waje ta bututu. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Ingila ita ma ta hana zuƙe fetur a kan rami, ta kuma bukaci fitilu na musamman da ba su tada wuta. Fankar ɗaki da aka saukar cikin rami ba ta maye gurbin wannan na'ura, domin injinta da makunninta suna iya yin tartsatsi.

YADDA AKE GINA RAMI MAI AMINCI

Wanda ya duba ƙasarsa ya ga ta dace, ya kuma sami izni, ga abubuwan da ya kamata ya tabbatar magini ya yi. Tun ran gini ran zane.

1. Wuri. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe ta fi rufaffen ɗaki. Kada ramin ya kasance a ɗakin da ƙofarsa take buɗewa cikin ɗakin kwana ko kicin. Bakinsa ya ɗara tsakar gida tudu, don kada ruwan sama ya gangaro ciki.

2. Awo. Ga ƙananan motoci, faɗin santimita 80 zuwa 90 ya isa, zurfi kuma wajen mita 1.4 zuwa 1.6, gwargwadon tsawon mai aiki da tashin motar. Tsawon ramin ya zarce motar, yadda matakala za ta kasance a buɗe ko da mota tana kai. Ramin da mota take rufe shi ruf tarko ne.

3. Mafita. A gina matakala ta kankare a gefe ɗaya, a kafa tsanin ƙarfe a ɗaya gefen. In wuta ta tare hanya ɗaya, a fita ta ɗayar.

4. Bango da daɓe. A zuba kankare mai rodi, ko a yi amfani da bulo mai inci 9 da aka cika da kankare aka zura masa rodi, a ɗaure bango da daɓe su zama abu ɗaya. Injiniya ne zai faɗi kauri da girman rodi, bisa ga nauyin motar da za ta hau. Ramin da aka yi wa ƙaramar mota kada a ɗora masa babbar mota mai kaya. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, a shafe bayan bangon da kwalta kafin a mai da ƙasa.

5. Ban ruwa. A zafin arewa kankare yana bushewa kafin ya nuna. A riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, a rufe da buhuna, kada kuma mota ta hau sai ya kwana 28, lokacin da yake kai ƙarfin da aka auna masa.

6. Baki. A kafa ƙarfe ko ɗan tudun kankare a gefe biyu don taya kada ta zame ciki, a shafa masa fenti mai haske, a sa abin tare taya a ƙarshe.

7. Matarar ruwa. A bar ɗan gurbi a kusurwa ɗaya inda ruwa zai taru a kwashe. Kada a haɗa shi da kwata ko sokawe, domin tururin fetur yana bin bututu ya je ya kama wuta a wani wuri.

8. Haske. A shafe bangon da farin fenti. Kada a sa soket ko makunni a cikin rami. A yi amfani da rufaffiyar fitila mai batir wadda aka yi don irin wannan wuri. Aci-balbal da kyandir da fitilar ƙwai haramun ne a nan.

9. Murfi. A yi gurbi a bakin ramin inda katakai masu kauri ko ragar ƙarfe za su zauna daram. Murfin ya iya ɗaukar babban mutum, ya kuma fi ƙarfin yaro ya ɗaga. A riƙa duba katakon saboda gara.

DAKALI MAIMAKON RAMI

A unguwannin da suke kusa da kogi ko fadama, shawarar da ta fi ita ce kada a haƙa ƙasa sam. A gina dakali biyu na kankare a fili, masu gangare, irin na masu wankin mota, mota ta hau, mai aiki ya shiga tsakaninsu. Tururin fetur ba shi da wurin kwanciya, ruwa ba ya taruwa, yaro ba ya faɗawa, maƙwabta kuma suna ganin mai aiki. Shi ma dakalin yana bukatar harsashi mai kyau da abin tare taya. Wanda aikinsa bai wuce juyen mai ba, wannan ya wadatar da shi, kuma sau da yawa ya fi rami araha.

YARA DA SAURAN MUTANEN GIDA

Yawancin kwanakin shekara ba a aiki a ramin gida, a nan ne kuma ake mantawa da shi. Faɗuwa daga mita 1.5 a kan kankare tana karya ƙugu ko ta fasa kai. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba. Ruwan da ya kwanta kwana 7 zuwa 10 ya isa sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. Kunama da kububuwa suna son irin wannan wuri mai duhu, don haka a haska kafin a sa ƙafa. Da an gama aiki a mai da murfi, a kulle gareji, a ajiye mabuɗi inda yara ba su kaiwa. Wanda ya daina amfani da raminsa ya cike shi da ƙasa ya daɓe.

Masu gareji kuma su tuna yaran da iyaye suka danƙa musu don koyon sana'a amana ce. Galibi ƙaramin cikinsu ake turawa ƙasa, shi ne kuma wanda bai san haɗarin ba, kuma ba zai iya cewa maigidansa a'a ba. Kada a tura yaro rami sai an koya masa, kada kuma a bar shi ba babba a sama. Kafin kowa ya sauka a kashe inji, a zare mabuɗi, a ja birkin hannu, a tare tayoyi. In dole ne a tada inji, a sa bututu a bakin salansa ya kai hayaƙin waje. Mai shigo da mota kan rami ya sami wanda zai tsaya a gefe yana nuna masa hanya, ba a gaban motar ba.

BAƘIN MAI

Man da aka juye daga inji yana ɗauke da gubobi. Yawan taɓa shi yana kawo ciwon fata, in an daɗe ana yi har da sankarar fata. A tare shi a mazubi mai murfi a kai wa masu saye. Kada a zuba shi a ƙasa ko a kwata ko a salga. Inda ruwa yake kusa da sama, kamar Nguru da Gashuwa, abin da aka zubar a tsakar gida ba ya daɗewa bai kai rijiya ba, daga nan kuma sai fadamar da ake kamun kifi da noman rani. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce take kula da dokokin kare muhalli na tarayya, ma'aikatan duba-gari kuma suna da ikon shiga maganar duk abin da yake ɓata ruwan unguwa.

IDAN HAƊARI YA AUKU

In an ga mutum ya faɗi a sume a cikin rami, kada a yi tsalle a bi shi. Sau da yawa mai ceto ne yake zama gawa ta biyu, domin iskar da ta ka da na farko tana nan. A kashe inji, a tura motar daga kan ramin, a buɗe ƙofofi, a yi kururuwar neman taimako. Wanda zai sauka a ɗaura masa igiya, mutane biyu su riƙe a sama, ya ɗauko shi ya fito ba tare da jinkiri ba. A kai majinyacin fili, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo, domin gubar tana iya daɗewa a jini. A Nguru akwai Asibitin Tarayya, a Gashuwa akwai babban asibiti. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Wutar fetur ba a kashe ta da ruwa, domin man yana hawa kan ruwan ya bazu. A ajiye bokitan yashi da tukunyar kashe gobara mai gari a bakin ƙofa, a waje da ramin. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga, a kwantar da shi a lulluɓe shi da bargo. A kwarara wa ƙunar ruwa mai sanyi na minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Kada a shafa baƙin mai ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki. Wanda ƙasa ta rufta masa, a fara tone fuskarsa da ƙirjinsa da hannu da shebur, a tokare gefen ramin don kada ya sake zubowa kan masu ceto.

KIRA GA JAMA'A

Ana roƙon masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin makanikai da na direbobi su karanta wa mutanensu wannan bayani. Magini ya ƙi karɓar aikin ramin da ba shi da zane. Mai gidan da yake da rami tun da ya je yau ya duba bangonsa da murfinsa da fitilarsa, ya kwashe jarkokin mai daga wurin, ya kuma gyara abin da ya lalace kafin damina ta faɗi. Wanda yake shirin haƙawa ya fara zuwa ofishin tsara gari kafin ya sayi siminti. Kuɗin izni da na injiniya da na 'yan rodi kaɗan ne in an gwada da kuɗin jinyar ƙuna, rai kuwa ba a sayensa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.